Kalmasar Bakin Kwat

Ƙarar almakashi ce ta fara isa kunnen Auta kafin idonta ya yarda da abin da yake gani. Malamar zanen tufafi ta durƙusa gaban mutum-mutumin da aka sanya wa kwat ɗin Auta, ta datse kalmasar bakinsa, sannan ta sa farce tana zaro zaren ulun har ya dinga reto kamar gemun bunsuru.

"Yawwa!" in ji malamar, ta ja da baya tana karkata kai. "Yanzu ya fara faɗin gaskiya."

Ɗakin ɗinkin ya yi tsit. Ɗaliban da ke kan kekuna suka ɗaga ƙafa. Auta ta bi zaren da ke reto da kallo. Tun farkon zango take kan kwat ɗin nan, shuɗi mai duhu, kafaɗa a tsaye, shafinsa da hannu ta ɗinke shi. Shi ne zai kai ta bikin nunin ƙarshen shekara, inda manyan gidajen ɗinki ke zuwa zaɓen ma'aikata. A wannan ƙasar wajen da ta zo karatu, baƙuwar ɗalibar da ba ta samu aiki ba, izinin zamanta na ƙarewa sai jirgi.

"Malama, me ya yi?"

"Ya cika tsafta, 'yata. Irin wannan kowa zai iya. Ke daga nesa kika zo, mutane suna son su ga inda kika fito. Wahala, rashi, juriya. Ki bar tufafin su yi kuka."

"A gidanmu ba ma sa tsumma."

Malamar ta yi murmushin da ake yi wa yaron da ya yi shirme. "Kada ki ji kunyar asalinki."

Abin da ya fi ƙona wa Auta rai ke nan. Matar ba da mugunta take yi ba, har zuciyarta taimako take gani. Haka malaman suka yi wa Doguwa, baƙuwar da suke ɗaki ɗaya, wadda mahaifinta likitan haƙori ne: suka matsa mata har ta ƙaga labarin wata kaka mai ɗinka buhu. Haka kuma aka tare Auta a makon farko aka ɗauki hotonta, aka liƙa a ƙofar jami'a da manyan haruffa: Ƙofarmu a buɗe take ga duniya.

* * *

Da rana ta kira gida. Umma na shagonta, tef ɗin awo rataye a wuya, allura a gefen baki.

"Auta, juya min wayar in ga kwat ɗin nan da kika ishe mu da labarinsa."

Ta juya. Umma ta matso da fuska har hancinta ya cika gilashin.

"Innalillahi! Ɓera gare ku a makarantar?"

Daga bayanta Yaya ya tuntsire da dariya. "Umma, gayu ne! Ba ki waye ba. Ɓeran ma digiri gare shi."

"Rufe min baki, sakarai. Auta, wa ya yi miki wannan aika-aika?"

"Malamarmu ce. Wai so take a ga talaucinmu."

Umma ta zare allurar daga bakinta. Matar nan, shekarar da Baba ya kwanta jinya, kayan makaranta ɗaya kowanne cikin 'ya'yanta ke da shi, amma ba a taɓa ganin ɗanta da zare na reto ba. Takan tsayar da su a bakin ƙofa ta juya su gaba da baya kafin su fita.

"To," ta ce a hankali, "ke kika san karatunki. In shi ne zai ba ki aikin, ki yi musu yadda suke so. Sai dai kada ki turo min hoton."

Wannan sassaucin ya fi zagi ciwo.

* * *

Doguwa ta same ta tana daidaita bakin kwat ɗin da alli.

"Ke dai kin cika taurin kai. Ki yaga musu mana! Ni kakata ta buhu har maki ta samo min, Allah ya jiƙanta, duk da ba a taɓa haihuwarta ba."

"In na yaga yau, me zan ɗinka musu gobe? Kullum sai in zo da sabon kuka?"

"Sai ki zo da albashi."

Auta ta ɗauki almakashi. Ta yanke inda aka ɓata, ta naɗe, ta kalmashe, ta bi da dutsen guga har layin ya miƙe sak. Kwat ɗin ya rage tsawo da kamar tafin hannu, amma ya tsaya da kyau.

Ranar tantancewa malamai uku suka zagaye shi. Ɗaya ya shafa kafaɗar, ya leƙa shafin, ya gyaɗa kai. Malamarta ta dubi bakin kwat ɗin, ta dubi Auta, ta sauke numfashi irin na wanda aka watsa wa ƙasa a ido.

"Hannunki yana da kyau," ta ce. "Amma ba mu ji muryarki ba."

"Ita ce wannan, Malama. Ba irin wadda kuke son ji ba ce."

Sunanta bai fito cikin waɗanda za a nuna kayansu a bikin ba.

* * *

Ranar biki aka sa ta a bayan labule tana goge kayan wasu. Ta ji tafi ya ɓarke lokacin da rigunan buhun Doguwa suka fita, ta ji mai sanarwa yana ba da labarin kakar da murya mai rawa. Da Doguwa ta dawo ciki, wani mai gidan ɗinki na biye da ita, ba ta iya haɗa ido da Auta ba.

Auta ta kashe dutsen gugar. Ta ciro kwat ɗinta daga jaka, ta saka, ta ɓalla maɓallan har wuya, ta fita ta ƙofar baya.

Ana yayyafi. A ƙofar jami'a hotonta na nan yana yi wa masu wucewa murmushi. Ruwa ya jiƙa takardar, gefenta na ƙasa ya yage yana reto a iska. Ta tsaya tana kallonsa, hannuwanta cikin aljihu. Sai ta gyara zaman kafaɗar kwat ɗin, ta nufi tashar mota.