Makulli a Cikin Ɗaki

Auta ta sake kunna kwamfutar, allon ya yi shuɗi. Rubutu layi uku ne kawai: a shigar da lambobin buɗewa guda arba'in da takwas.

"Me kika yi mini?" in ji Yaya. Yana tsaye a bayanta da baƙar rigarsa ta lauya rataye a hannu. Ƙarfe sha biyu zai shiga kotu, kuma duk takardun shari'ar suna cikin na'urar nan.

"Abin da na ce zai faru ne ya faru."

Ta kuwa faɗa masa. Tata kwamfutar ta mutu shekaranjiya, ga jarrabawar gwaji yau ƙarfe biyu, kuma malaminsu ya ce kowa ya zo da manhajar Linux a na'urarsa. Sai ta roƙi yayanta ya matsa mata wuri a tasa: a rage faifan ajiyar na'urar, Windows ɗinsa ya zauna gefe, nata ya zauna gefe, in an kunna kowa ya zaɓi ƙofarsa. Ta nemi giga tamanin. Ya ba ta ashirin, kamar mai yankar naman jikinsa, alhali rabin faifan fanko ne. Ashirin kuwa ko kayan jarrabawar ba za su ɗauka ba.

Faifan a kulle yake, kullen da ko an sace na'urar ba mai karanta harafi ɗaya. Ta ce a ɗage kullen na minti goma kafin a taɓa komai, in ba haka ba na'urar za ta ƙi buɗewa sai da lambobi. Ya ce sirrin mutane ne a ciki, ko na ƙiftawar ido bai yarda ba. Ya karɓe mata waya, ya ƙirga filas ɗin da ta zo da su, ya ja kujera ya zauna yana gadi.

Tana cikin rage faifan ta hango wani fayil a tsakiyar allo, an sa masa suna da manyan baƙaƙe: MAKULLI. Da aka kira shi a waya ya fita baranda, ta buɗe, ta naɗe hannun rigarta, ta kwashe lambobin da biro tun daga wuyan hannu har gwiwa. Ta sauke hannun rigar.

Yanzu ta juyo ta dube shi da fuskar salihai.

"Ba komai, Yaya. Kawo lambobin mu sa."

"Ina da su. Ni ba na wasa da irin wannan."

"Na sani. Ina ka ajiye?"

Ya buɗe baki. Ya dubi allon. Ya rufe baki.

"A ina, Yaya?"

"A ciki," ya ce a hankali.

"Cikin durowa?"

"Cikin kwamfutar."

"Ikon Allah," in ji Auta. "Ka kulle ɗaki ka bar makulli a kan gado."

Matarsa ta leƙo daga ƙofa da kofin shayi, ta ga fuskar mijinta, ta koma da shayinta.

Yaya ya zazzage durowa biyu a ƙasa duk da ya san ba komai a ciki. Ya gwada ranar haihuwarsa, na'urar ta ce ba ta san zancen ba. Gumi ya jiƙa masa farar kwala. Sha ɗaya saura kwata.

"Auta. 'Yar ƙanwata. Ku da kuka karanta abin nan, babu wata dabara?"

"Ɗazu ka ce karatun namu danne-danne ne."

"Wasa nake yi."

Ta bar shi ya ƙara minti biyar, don ladabi. Sannan ta naɗe hannun riga ta ɗora hannun a kan tebur.

Ya daɗe yana kallon shuɗin tawadar.

"Kin buɗe mini fayil."

"Na buɗe."

"Bayan na hana."

"In goge?" Ta lashi babban yatsanta.

Ya yi wuf ya riƙe mata hannu. "Karanta!"

Ya zauna, tana karantowa shida-shida yana dannawa da yatsa ɗaya. Rukuni na ɗaya, na biyu, har na bakwai. Ta kife tafinta a kan gwiwar hannu, ta rufe sauran lambobin.

"Saura shida," ya ce.

"Giga nawa ka ce ma?"

"Kin san sunan wannan a doka? Kin san shekara nawa ake yi a kansa?"

"Ka shigar da ƙara. Takardun suna ciki."

Daga kicin aka ji matarsa ta ƙware da shayi.

"Arba'in," in ji Yaya.

Auta ta dubi agogon bango.

"Sittin, kuma kada Mama ta ji."

"Mama sai ta ji. Tamanin."

Yaya ya sauke numfashi, ya gyara zaman tabarau, ya ɗora yatsa a kan madannai.

"Tamanin. Karanta a hankali, rubutunki kamar tafiyar kaza."