Ba a Shiga Ruwa Mutum Ɗaya

Ba Rikke ce ta fara ganin ciwon ba, kuma abin ya tsaya mata a rai. Ita da ke zuwa gidan uwarta, Bodil, duk Lahadi su ci abinci a tebur ɗaya, ba ta lura da komai ba. Matan ƙungiyar wankan hunturu ne suka gani. Wata safiyar Nuwamba, sun fito daga teku suna zaune a ɗakin gumi, sai Vibeke, abokiyar wankan Bodil ta shekara ashirin, ta ƙura mata ido ta ce, "Ke, me ya same ki? Kin yi ɗorawa har gadon baya." Bodil ta ce ai fitilar ɗakin ce. Vibeke ta jira gari ya yi haske ta sake dubawa, daga nan ba ta saki hannunta ba sai a ƙofar likita.

An yi kwana goma sha ɗaya ana hotuna da ɗibar jini. Ranar da aka kira su babban asibitin birni, likitar ta zana musu abin a takarda. Ga tumbi, ga wata doguwar tsoka kwance a bayansa da ake kira fankiriyas, ga ƙullutu a kanta ya toshe hanyar maɗaci, shi ya sa jikin ya yi ɗorawa. Ciwon daji ne. Bai bazu ba, amma ya manne wa wata babbar jijiyar jini, don haka ba halin a sa wuƙa tukuna. Sai an yi ƙarin ruwan magani sau shida, duk bayan mako biyu, a sake hoto. In ya ƙanƙance ya saki jijiyar, a yi aiki. In bai saki ba... likitar ba ta ƙarasa ba, kuma ba wanda ya nemi ta ƙarasa.

Rikke tana ta rubutu a ɗan littafinta. Bodil kuwa tambaya ɗaya ta yi.

"Wanka fa?"

"Na teku?" in ji likitar. "A'a. Maganin ba ya shiri da sanyi, kuma jikinki ba zai iya yaƙi da ƙwayoyin cuta kamar da ba. Sai an gama."

Bodil ta ɗauki jakarta ta miƙe. Suka shiga mota suka koma garinsu, Kerteminde.

Shekararta sittin da takwas, kuma shekara talatin da ɗaya ke nan ba ta fashin shiga teku da ƙarfe bakwai na safe. Ranar da aka binne mijinta ma sai da ta shiga kafin ta sa baƙaƙen kaya. In sanyi ya yi tsanani, da dunduniya take fasa ƙanƙarar da ta kama gindin tsanin da ake sauka ruwa da shi. Rikke ba ta taɓa gane wannan hauka ba. Ita ko a tsakiyar Yuli iyakarta gwiwa.

Daga nan rayuwar Rikke ta koma cikin ɗan littafin nan. Alhamis asibiti, awa shida a kan kujera ana ɗura ruwa. Su dawo da ɗan famfo a jakar ƙugu yana ci gaba da ɗurawa kwana biyu. Asabar a je a cire. Ƙwayar hana amai, ƙwayar tsai da gudawa, ƙwayar narkar da abinci da ake haɗiya da kowace loma, ko da yanki ɗaya ne na baƙin burodi. A auna zafin jiki safe da yamma. Tsakanin wannan da wancan ta je aikinta a kantin fenti, ta tsaya tana yi wa mutane murmushi suna gardama a kan wane fari ya fi wane fari. Ga wanta Troels, yana can Norway, kullum sai ya bugo waya da sabuwar shawarar da ya karanto. Shawara dai ba ta wanke bokitin amai, amma Rikke ba ta da ƙarfin faɗa masa haka.

Amai da kasala duk Bodil ta shanye su ba ƙorafi. Abin da ya karya ta shi ne sanyin. Washegarin ƙarin ruwa na farko ta buɗe firji ta kama kwalbar madara, sai ta saki ƙara ta yar, wai kamar ta taɓa wayar lantarki. Ta kurɓi ruwan famfo, maƙogwaro ya shaƙe. Rikke ta rataye safar hannu a jikin firji, ta zura tsofaffin safunan ƙafa a mariƙan ƙofofi, ta koyi ɗumama cokali kafin ta miƙa. Bayan na biyu abin ya ƙaru, ya kuma daɗe bai sake ta ba. Matar da ke fasa ƙanƙara da dunduniya, yau mabuɗin gidanta ya gagare ta riƙewa.

Ranar Litinin, saura kwana uku a yi na uku, Rikke na yanka karas sai uwar ta ce daga bayanta, "Ba zan koma ba."

"Ina?"

"Kin san inda nake nufi. Na yi biyu, sun ishe ni."

"Mor," in ji Rikke, wato Mama a harshensu, "in ba ki gama shida ba, ba za su yi aikin ba."

"In na gama ma, cewa suka yi wataƙila. A kan wataƙila zan ba su hunturuna? In shi ne na ƙarshe fa? Gara in ƙare da gishiri a jikina da in ƙare ina tsoron cokali."

Rikke ta san ya kamata ta yi faɗa, ko ta yi kuka, ko ta durƙusa ta roƙa. Ta duba cikinta ba ta samu ko ɗaya ba, sai gajiya. Ta ƙarasa yanka karas ɗin. Da ta buga wa ma'aikaciyar jinyar asibitin waya, cikin lallausar murya aka ce mata ai zaɓin mai jiki ne, za a ajiye mata kujerar har Laraba da tsakar rana. Haka ne, a ƙasar nan kowa da 'yancinsa, har da 'yancin da uwa ke da shi na ta kashe 'yarta da fargaba.

Talata da safe ta biya da burodi kafin ta wuce aiki, ta tarar gidan shiru. Gado a gyare. A jikin ƙusar da ke bayan ƙofa, inda mabuɗin gidan wankan ƙungiya na bakin teku ke rataye, babu komai. Ta yar da burodin a tebur ta hau keke.

Gari bai waye ba, fitila ɗaya ce ke ci a kan gadar katakon da ta miƙe cikin teku. A ƙarshenta, kusa da tsani, Bodil na zaune a benci cikin babbar rigar sanyi, ta naɗe baki da hanci da gyale, jakar wanka a cinyarta. Gashinta a bushe yake. Sai da Rikke ta ga haka ta tabbata uwar ba ta shiga ruwan ba.

"Mor! Kina da hankali kuwa?"

"Da sauransa, shi ya sa kika same ni a zaune." Ta nuna allon da ke jikin bango da haɓa. "Vibeke ta koma zuwa da 'yan ƙarfe takwas tun da na daina. Ba kowa."

Rikke ta san allon. Doka ta farko, da manyan baƙaƙe: ba a shiga ruwa mutum ɗaya, sai da wani a tsaye a kan tsani. Bodil ce da kanta ta rubuta, shekarar da wani dattijo ya suma a cikin ruwa, kuma ita ce ta taɓa karɓe mabuɗin shugaban ƙungiya wata guda saboda ya karya ta. Ta fito gida da niyyar saɓa wa likita, amma ta kasa saɓa wa kanta.

"Tunda kin zo, tsaya min," in ji Bodil. "Minti ɗaya kacal."

"Ba zan tsaya ba."

"Rikke."

"Na ce a'a! Ki shaƙe a ciki, ni in yi yaya? Wata guda ina ɗumama miki cokali!" Muryarta ta fashe. "Wai me ke cikin ruwan nan da ya fi ni?"

"Ba ki taɓa shiga ba. Me zan ce miki?"

Ba jarumta ba ce ta ɗebi Rikke, haushi ne zalla. Ta fizge jakar daga cinyar uwarta, ta shiga ɗakin canza kaya, ta cusa kanta cikin kayan wankan da suka ɗame ta, ta fito. Katakon ya ciji tafin ƙafarta. Ta kama tsani ta fara sauka da baya.

Bodil ta riga ta miƙe. Muryar da ta fito daga bayan gyalen nan, Rikke rabonta da jin ta tun Nuwamba.

"A hankali, ba tsere ake ba. Kada ki tsaya a gwiwa, nan ne ragwaye ke juyawa. Sauka! Fitar da numfashi, ke, fitarwa na ce, ba ja ba. Kafaɗa a ciki. Kada ki jiƙa kai. Kalle ni. Ɗaya, biyu..."

Ruwan ya damƙe ƙirjinta. Ta yi ihu, ta zagi teku, ta zagi Troels, ta zagi kantin fenti. Wajen bakwai numfashin ya dawo. A goma ta haura tsani da ƙyar, uwar ta tarbe ta da tawul a hannuwa masu safa biyu-biyu, ta naɗe ta tana goga mata baya da ɗan ƙarfin da ya rage mata. Sai wani zafi ya taso wa Rikke daga cikin fata, ya mamaye ta har kunne. Kanta ya zama fayau. Babu Alhamis, babu ƙwaya, babu jijiya. Bai fi minti ɗaya ba, amma shi ne hutun farko da ta samu a wata biyu, kuma da ya wuce sai kuka ya zo mata, mai yawa, irin wanda ta rasa jiya.

Bodil ba ta rarrashe ta ba. Ta bari ta shiga ɗakin gumi ta fito, ta sa kaya, sannan ta ce, "Faɗa min. Yaya ruwan yake yau?"

"Mugu ne."

"Na sani. A ina ya fara kama ki?"

"A idon sawu. Sai ƙirji."

"Da kika fito fa?"

"Kamar an kunna murhu a cikina."

Bodil ta lumshe ido ta gyaɗa kai. Gabas ta fara ja, ana jin muryoyin 'yan ƙarfe takwas daga wajen ajiye kekuna.

"Numfashinki bai da kyau ko kaɗan," ta ce. "Kina haki kamar tsohuwar karya. Sai kin yi wata biyu kullum kafin ki iya, kuma ba zan bar Vibeke ta koya miki ba, ita ma ba ta iya ba." Ta gyara gyalenta. "Gobe bakwai. Jibi kuwa sai mu zo shida, tunda takwas da rabi suke son mu a asibiti."

Rikke ta tsaya da takalmi ɗaya a hannu. Ta ji daɗi, ba ƙarya, amma daɗin ya zo tare da nauyinsa. Saura ƙarin ruwa huɗu, mako takwas, kuma Fabrairu, watan da ruwa ya fi mugunta, yana cikinsu. Kowace safiya, kafin ƙwaya, kafin kanti, sai ta sauka tsanin nan. Kuma duk da haka abin da likita ta ce bai canza ba, wataƙila ne. Ta ciro littafinta, a saman shafin Laraba, bisa ƙwayar hana amai, ta rubuta: teku.

A bakin ƙofa Bodil ta yi ta fama da mabuɗin, safar hannu ta hana ta murɗa shi, cire safar kuma ba hali. Ta miƙa wa 'yarta.

"Ungo, kulle. Ki bar shi a wurinki ma, ni ba na iya taɓa shi."

Shekara talatin da ɗaya mabuɗin nan bai kwana a aljihun kowa ba sai nata. Rikke ta kulle ƙofar, ta jefa shi a aljihu, ta riƙo uwarta da hannu ɗaya, keke da ɗayan, suka kama hanyar gida a hankali. Ta riga ta makara aiki.