Shatin Yatsan Inuwa

Aikin Zayyanu a Riyad lissafin lalacewar madubi ne, amma ba madubin kwalliya ba. A wata ƙasa ana gina injin da zai kunna wuta irin ta cikin rana don a samu lantarki. Tun da ba mahalukin da zai leƙa cikinsa, sai an kafa ƙananan madubai na ƙarfe su riƙa turo haske waje. Ita kuwa wutar ba ta da mutunci: ta kankare fuskar madubi a nan, ta kwaso ƙurar bango ta yaɓa masa a can. Wannan ɓarnar Zayyanu ke lissafawa a kwamfuta, sannan ya gwada a wata tukunyar ƙarfe mai tagar gilashi a ɗakin gwajin jami'arsu.

Babbar doka a wurin ita ce ba a taɓa fuskar madubin da hannu. To ranar da yayansa Inuwa, direban babbar mota a Birnin Masana'antu na Biyu, ya kawo masa ziyara, kafin Zayyanu ya ankara Inuwa ya sure madubin, ya hura masa huci, ya murje da babban yatsa kamar madubin motarsa.

"Yaya! Ka kashe ni!"

"Kai, khalas, ya isa haka, gyara maka na yi," in ji Inuwa yana dariya.

Kunya ta hana Zayyanu gaya wa kowa, ya sa madubin a tukunya haka nan. Ba a jima ba motar Inuwa ta kife, ya rasu. Aka binne shi a maƙabartar Al-Oud, inda ba a rubuta suna a kan kabari. Da Zayyanu ya koma ziyara ya yi ta bulayi cikin duwatsu iri ɗaya, bai gane na ɗan'uwansa ba. Wannan ya ci masa rai ƙwarai.

Da aka fito da madubin, ga ƙura ta bi shatin yatsan layi-layi, har da tabon da wuƙa ta yi wa Inuwa tun suna yara. Zayyanu ya riƙe shi yana kallo. Duk garin nan ba shi da wani abu na yayansa sai wannan.

"Wannan ba ya cikin lissafinka," in ji Dakta, shugaban ɗakin. "Yalla, maza mayar da shi a wanke da wuta. In aikin bai yi kyau ba, da me zan sa a sabunta maka iƙama, takardar zamanka a ƙasar nan?"

Bayan azahar ya kunna tukunyar. Haske shuɗi ya cika ta, yana kallo shatin ya dushe, ya ɓace. Ya san abin da aka kankare ba ya salwanta, wani wurin yake sauka, amma a warwatse, kamar garin da aka hure daga faifai. Haka kwamfutarsa ke nunawa kullum.

Ya kashe injin, ya yi kukansa ya share ido. Da komai ya huce ya sunkuya ya leƙa, sai ya ga datti a tagar gilashin. Ya goga da hannun riga, bai fita ba, domin ta ciki yake. Shatin yatsa ne cikakke, da tabonsa, kamar wani ya dafa yana neman a buɗe masa.

Zayyanu ya ɗora babban yatsansa a kai. Gilashin ko'ina sanyi ƙalau, ban da nan.

"Yaya?" ya ce a hankali.