Wasiƙar da Haulatu Ba Ta Karanta Ba

Haulatu ta ƙara matso da kujera har hancinta ya kusa taɓa allon kwamfutar. Ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi, ta mayar. Rubutun bai canja ba, ƙanana ƙanana kamar jerin tururuwa, a tsakiyar allon da faɗinsa ya cinye teburin gaba ɗaya.

Ɗanta Taufiq ne ya aiko da kwamfutar daga Kanada. Abokinsa ya kawo, ya haɗa wayoyi, ya ce wannan ita ce ta zamani, ya koma unguwarsu ta Agoè. Tun daga ranar sunan Taufiq kaɗai take iya ganewa a saman wasiƙa.

Ba ta gaya wa kowa ba. Shekara ashirin da shida ta yi tana buga takardu a wani ofishi kusa da tashar jiragen ruwa, kuma har yanzu matan Zongo ita suke kawo wa takardun Faransanci. Da wane baki za ta ce ido ya tafi? Da doguwar wasiƙarsa ta shigo kwamfutar, kwana tara ke nan, sai ta ɗauki waya ta aika masa da saƙon murya: "Na gani, Taufiq. Madalla, Allah ya ƙara."

Bai amsa ba. Bai sake kira ba.

Da hantsi ta kulle ɗaki, ta hau babur zuwa asibitin ido. A layi kowa da mai rakiyarsa. Ita ta rungume jaka ta zauna a ƙarshen benci.

Likitar, wata matashiya mai suna Nafisat, ta sa ta karanta haruffan bango. Ta karanta har layin ƙasa.

"Hajiya, idonki lafiya lau. Tabaran nan ma sun dace da ke."

"To me ya sa ba na ganin rubutun kwamfuta?"

"Babbar ce, mai faɗi?"

"Kamar ƙofar shago."

Nafisat ta yi murmushi. "Haka suke, allo ƙato, rubutu mitsitsi. Ni ma sai da na ƙara wa tawa girma." Ta juyo da tata, ta nuna mata maɓalli biyu. "Ki danne wannan, ki riƙa taɓa mai alamar ƙari."

Haulatu ta daɗe tana kallon yatsun likitar. Ta so ta yi dariya.

Ana kiran la'asar ta iso gida. Ta yi salla, ta zauna, ta danne maɓallin. Sau ɗaya, sau biyu, sau huɗu. Haruffan suka buɗe, suka cika allon.

"Mma, na kasa faɗa miki da baki, shi ya sa na rubuta. Ni da Zahida mun rabu tun watan azumi. Ta tafi da 'yarmu wani gari. Aikin ma na bari, ba na iya fita. Wani lokaci sai in kwana uku ban yi magana da mutum ba. Ina so in dawo gida, amma ina jin kunyar shigowa Zongo hannu wofi. Idan kin ce in daure, zan daure. Ki gaya mini abin da kika gani."

Ta karanta har sau uku. Sannan ta tuna abin da ta aika masa, kalma bayan kalma, da irin fara'ar da ta sa a muryarta. Ta dafe teburin da hannu biyu.

A waje mahauta na wanke tebura, wani na ciniki da yaren Mina. Ta ɗauki waya ta kira. Ta yi ta ƙara har ta katse. Ta sake kira. Sai a na uku aka ɗauka.

"Mma?" Muryarsa a dishe take.

"Taufiq, ƙarya na yi maka. Ban karanta ba sai yanzu."

Tana jin numfashinsa.

"Na ɗauka..." Ya kasa ƙarasawa.

"Na san abin da ka ɗauka. Ka ci abinci yau?"

"A'a."

"Tashi ka dafa ko shayi ne. Kada ka kashe wayar, ina nan. In ka sha, sai mu yi maganar ranar da za ka taso."