Malam Ƙasimu da Alƙalamin Halal

Kai, Malam Ƙasimu na Gwaram akwai taurin kai! Idanunsa na dusashewa, likita ya ce kafin damina biyu ko babban baƙi ba zai ƙara gani a takarda ba, ga tarihin kakanninsa duk a ka, bai sauke ko shafi ɗaya ba. 'Yarsa Juwairiyya ta kawo masa kwamfutar tebur don ya rubuta da manyan baƙaƙe. Da ya ji manhajar rubutun da ke ciki kwafin sata ce, sai ya lulluɓe kwamfutar da zani.

"Ba na rubuta sunan iyayena da alƙalamin sata," in ji shi.

Wata uku ana fama. Ran kasuwa Juwairiyya ta ɗauko ƙawarta Eunice, mai gyaran kwamfuta a Birnin Kudu. Eunice ta gaishe shi, ta yaye zanin, ta zura filashin ajiya a jikin kwamfutar.

"Baba, wannan wata manhajar ce, kuma tsabarta na kawo, ba a haɗa ta ba tukuna. A gabanka za a daka ta."

Ta buga umarni, abu ya cije, wai akwai guntun da babu. Ta jawo shi ta wayarta, ta sake bugawa. Sai layuka suka ɓarke a baƙin allo, suna gudu ba tsayawa. Malam ya saki baki. Ikon Allah, na'ura tana ƙera alƙalami a gabansa!

"Wa ya ba ki izini?"

"Masu ita, Baba. Sun rubuta cewa kowa ya ɗauka, ya gyara, ya ba wani."

"Ba su san ni ba fa!" Ya girgiza kai. "Ni a zaure na yi karatu, ban taɓa karɓar littafi ban san daga bakin wa ya fito ba. Kawo sunayensu."

Eunice ta buɗe jerin sunayen a sabuwar manhajar, ta ƙara girman baƙaƙen har kowanne ya kai babban yatsa. Malam ya matso. Ya kama na farko, harshe na karyewa, ya ce Allah ya saka masa da alheri. Ya kama na biyu.

"Baba, sun fi ɗari huɗu," in ji Eunice.

"To, sauri muke?"

Juwairiyya ta toshe baki, hawaye na zuba. Rabonsa da karanta layi da kansa shekara guda ke nan. Sai a suna na tara shi ma ya farga. Ya tsaya cak.

"Juwairiyya, ina gani! Maza buɗe min farin shafi tun da sauran ido."