Bawul ɗin Motar Muttaka

Wanda ya rage wa mota ƙarfi don direbanta ya rayu, amana ya ci ko rai ya ceta? Nata'ala bakanike ya sha juya wannan tambaya a ransa, bai kama bakin zarenta ba.

Shekarar da soja suka koma bariki, wani sabon ɗan majalisa ya sayo mota 'yar Beljiyam, ya ɗauki Muttaka, ɗan yayar Nata'ala, aikin tuƙi. A garejin Nata'ala na Ƙofar Mata ake duba ta. Injinta na da famfo mai ɗura masa iska, da wani ɗan bawul da kwamfutar motar ke sarrafawa. In ana tafiya a hankali sai ya buɗe, iskar ta zagaye ta koma. In an taka totur sai ya rufe, iskar duk ta afka cikin inji, mota ta zabura.

Nata'ala da bakinsa ya yi wa yayarsa Turai wannan bayani a tsakar gidanta a Kabara, har da alfahari.

"To ka bar shi a buɗe mana," in ji ta. "Ka ga gudun da suke yi a ayarin 'yan siyasa? Ɗan naka fa ake magana."

"Yaya, motar mutane ce. Kuma in ta yi sanyi aka baro ta a baya, korarsa za a yi."

"Korarre ai yana dawowa gida ya ci tuwo."

Nata'ala ya ƙi.

Wata Asabar aka jawo wata motar ayarin daga hanyar Wudil, ta naɗe kamar gwangwani. Direbanta da ya rasu a ciki Bukar ne, abokin Muttaka tun makarantar allo. Daga maƙabarta Muttaka ya zarce gareji, jar ƙasa a gwiwar wandonsa.

"Kawu, wuce ni ya so yi," ya ce yana wata dariya. "Na ce masa tawa ba a wuce ta. Duba min ita, gobe Rano za mu, kuma oga ba ya son zuwa a makare."

"Je ka yi la'asar tukuna."

Da ya ga ya shige masallaci, Nata'ala ya ɗaga bonet. Ya daɗe a tsaye, zafin inji na dukan fuskarsa. Sannan ya zura hannu ya zare wayar bawul ɗin don ya zauna a buɗe, ya tura ta can ƙasa inda ido ba ya kaiwa, ya rufe bonet.