Doyar da Ba a Shuka Ba

Kowane ɗan dako a kasuwar doya ta Lafiya, in dillali ya ba shi 'yan ƙananan doyoyin da suka yi saura a ƙasan mota, gida yake kai su a dafa. Ban da Iorchia. Shi sai ya juya su, ya duba kai ya duba gindi, ya shafa musu toka, ya jera a ƙarƙashin gado. Iri yake tarawa. Matarsa Ngodoo in ta duƙa shara sai ta yi tsaki, don ɗaki ɗaya suke haya su da 'yarsu Doofan, ga doya ta cinye wurin ajiye kwanuka.

Iorchia manomi ne, tsautsayi ne ya kawo shi dako. Gonarsa tana wani ƙauye bayan Obi, ta gado ce, kabarin ubansa ma a gefenta yake. Shekarar da rikici ya tashi, Tibi da yawa suka bar ƙauyukansu, shi ma ya tsere da iyalinsa, daga su sai kayan jikinsu. Da ƙura ta lafa, Ugondo, ɗan wan ubansa, ya riga shi komawa, ya haɗe gonar da tasa ya shuka. Bishiyoyin lemun da ke kan iyaka an sare su an ƙone. Tsofaffin da suka san iyakar kuwa, wasu sun mutu, wasu sun tsallaka Binuwai ba su dawo ba.

Dattawan dangi suka ce tunda babu shaida, sai swem. Swem tukunyar rantsuwa ce ta Tibi, cike da toka da ganyaye. Mutum ya ɗauke ta ya faɗi maganarsa, in ƙarya ya yi, an ce ƙafafunsa da cikinsa za su kumbura har ya mutu.

Iorchia ya je ya sami Katikis Norbert, mai koyar da su a coci. Norbert ya ce masa ya tsaya da ƙarfi, Ubangiji ba ya kunyata nasa. Norbert mutumin kirki ne, ba wanda zai musa, sai dai tasa gonar tana nan bayan coci, ba wanda ya taɓa ta.

Da safen ranar da za a zauna, Ngodoo ta tare shi a bakin ƙofa.

"Baban Doofan, kai ne fa mai gaskiya. Me tukunya za ta yi wa mai gaskiya? Ka ɗaga ka ajiye, shi ke nan. Ranar Lahadi ka roƙi gafara."

"Ranar da aka yi mini baftisma na ce na rabu da waɗannan abubuwa," in ji shi. "Ban ce ban da ranar gona ba."

"To wa zai ciyar da yarinyar nan?"

"Wanda na yi wa alkawarin."

A hankali ya faɗa, bai iya kallon idonta ba, don shi ma tsoro ne fal cikinsa.

Aka zauna ƙarƙashin mangwaro a gidan babban dattijon. Aka ajiye tukunyar a tsakiya, 'yar ƙarama da ita, ko ruwan shan kaji ba za ta ci da yawa ba. Iorchia ya tashi ya faɗi inda iyaka ta bi, ya ce wannan ita ce gaskiya a gaban Allah, amma tukunya kam ba zai taɓa ba. Dattijon ya lallashe shi, ya kira shi da sunan ubansa, ya ce shi kansa yana zuwa coci. Iorchia ya harɗe hannuwansa a baya. Ugondo kuwa ko gezau bai yi ba, ya ɗauki tukunyar ya rantse cewa gonar tasa ce tun fil azal. Dattawa suka ce magana ta ƙare, wanda ya ƙi rantsuwa shi ya san abin da yake tsoro.

Wannan ce ta fi yi masa ciwo. An ƙwace gonar, an kuma bar shi da sunan maƙaryaci.

Bayan Kirsimeti, wata rana da hantsi, dillalin da yake yi wa aiki, Alhaji Ashafa, ya ƙwala masa kira.

"Kai Iorchia, sabuwar doya ta iso daga Obi, zo ka sauke lodi. Wannan oga ya ce ɗan'uwanka ne ma."

Ugondo ne zaune a kan benci, ya miƙe ƙafa yana shan lemo. Kafin Iorchia ya dubi fuskarsa, ƙafafunsa ya fara duba. Lafiya lau suke cikin sabbin takalma, ko ɗan kumburi babu. Sai a nan ya gane abin da yake yi: tun ranar rantsuwa jira yake tukunyar da ya ƙi taɓawa ta rama masa. Kunya ta kama shi, har ya ji ya tsani kansa. Ya ce a ransa, Yesu ka gafarta mini. Bai ji wani sanyi ba.

Ya hau motar. Doyar ya san ta kamar yadda ya san yatsunsa, doguwa mai siririn wuya, jar ƙasar gonar ubansa tana manne a jikinta. Doya ba ta son jifa. In ɗan dako ya sake ta da ƙarfi, waje ba zai nuna ba, cikin ne zai ruɓe bayan kwana biyu, kuma ba mai kama shi. Iorchia ya san wannan sarai. Amma ɗaya bayan ɗaya ya ajiye su a hankali, har motar ta ƙare.

"Sannu ɗan'uwa," in ji Ugondo. "Ka gaishe mini da Ngodoo."

"Za ta ji."

Ya ci gaba da zuwa coci da asuba kafin kasuwa. Ya ci gaba da addu'a, wani lokaci da kalmomi, wani lokaci durƙuson kawai. Babu abin da ya sauya. Ya nemi aron fili a wajen gari, aka ce masa an riga an bayar. Irin da ke ƙarƙashin gado ya tsiro, tsiron ya yi tsawo fari fat yana neman haske, ya fara nannaɗe ƙafar gadon.

Ruwan farko ya sauka ranar wata Talata. Ƙanshin ƙasa ya cika gari, kowane manomi ya ɗauki fartanya. Ciniki ya yi sanyi a kasuwa, Iorchia ya dawo da yamma hannu wofi. A bakin ƙofa ya ga ɓawon doya a cikin kwando, da tsiron a jiki, an kakkarye. Ya tsaya yana kallo. A gidan ubansa ko shekarar yunwa ba a taɓa dafa iri ba.

Ngodoo ta ajiye kwano a gabansa. Idanunta sun yi ja. Doofan ta matso da murna, don rabonta da doya an daɗe.

Iorchia ya cire hularsa, ya rufe ido kamar kullum. Ya gode wa Ubangiji da ya ba su abincin yau. Doofan ta ce amin da ƙarfi. Ya ɗan jira ta Ngodoo, bai ji ba.

Ya sa hannu ya ɗauki yanka ɗaya. Doyar ta tsotse, ga ɗaci-ɗaci, kamar yadda iri yake yi in ya riga ya tsiro. Ya tauna ya haɗiye, ya tura wa yarinyar sauran.